Shin Gani Yana Korar Ji?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Na daɗe ina haɗiye wannan magana ba tare da na tauna ta ba, sai ran da ƙafata ta taka Iskandariyya, birnin nan na Masar da ke bakin Bahar Rum.

Tun ina yaro nake jin labarin birnin a bakin wani kawuna da ya yi karatu a Azhar. Shi ya ba mu labarin hasumiyar da aka gina a tsibirin Farus wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, mai tsawon fiye da mita 100, wadda ake hura wuta a ƙololuwarta don jiragen ruwa su gane hanya da dare. Ni kuwa, da ban taɓa ganin abin da ya fi Gobarau tsawo ba, sai in riƙa ɗora Gobarau bisa Gobarau a raina har sau bakwai.

Ba wai ban san ta rushe ba. Na karanta cewa girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 sun karya ta, kuma Ibn Batuta da ya zo a 1326 ya tarar gefe guda ya zube, da ya komo a 1349 ko shiga cikinta bai iya yi ba. Amma fa sanin kai daban, yardar zuciya daban. Da na isa wurin, abin da na tarar shi ne sansanin da Sarki Ƙaitbay ya fara ginawa a 1477 a kan kufanta: farin dutse, kyakkyawa, igiyar ruwa tana dukan gindinsa, masunta na jefa ƙugiya, samari na ɗaukar hoto. Wallahi sai na ji kamar an yi mini sata.

To, a nan tambayar take. In da gani ya kori ji, da na juyo da sansani kaɗai a raina. Amma ban iya kallon ko dutse ɗaya na bangon ba sai na ce ko wannan daga hasumiyar aka ciro shi, tun da an ce an yi amfani da duwatsunta. Da na leƙa ruwan, ba shuɗinsa nake kallo ba, manyan duwatsu da gumakan da masu ninƙaya suka binciko a ƙarƙashinsa a 1994 nake nema. Watau ji ne ya riƙe wa ido sanda. Wanda bai taɓa jin labarin ba, iskar teku kurum ya sha.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Na dawo gida, ƙannena suka kewaye ni a tsakar gida kamar yadda muke kewaye kawu, suna cewa, "Yaya, ka ga hasumiyar?" In na ce babu ta, na kashe musu abin da ya sa ni kaina na tara kuɗi shekara uku. In na ƙawata labari, na zama irin matafiyin da ake cewa ƙarya ce guzurinsa na komowa. Sai a lokacin na tuna kawu bai taɓa ce mana ya gan ta ba, bai kuma taɓa ce mana bai gan ta ba.

Na ce musu ta faɗi teku shekaru ɗari bakwai da suka wuce, amma na tsaya daidai inda take. Autarmu ta yi shiru, can ta ce, "To, wa yake nuna wa jiragen hanya yanzu?"