Amanar Hoto: Rage Bidiyo da Yanke Shi Don Ya Dace da Waya

Kowane bidiyo yana da ma'auni biyu. Na farko shi ne yawan ɗigo-ɗigon hasken da suka taru suka ba da hoton, kuma shi ke sa a ga abu garau ko dishi-dishi. Na biyu shi ne faɗin hoton idan aka gwada shi da tsayinsa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya faɗinta 4 ne tsayinta 3, talabijin ta bango da kwamfuta 16 da 9, waya kuwa a tsaye ake riƙe ta, shi ya sa TikTok da sitatus na WhatsApp suka juya lissafin ya koma 9 da 16. Bidiyon da aka ɗauka domin ɗaya daga cikinsu ba ya zaunawa daidai a kan sauran sai an taɓa shi. Daga nan ne tambaya ta addini take tasowa: idan abin da ke cikin bidiyon karatu ne, ko shaida, ko siffar kayan sayarwa, wane irin taɓawa ne yake gyara, wane ne kuma yake zama cin amana?

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan aiki yana hannun mutane iri biyu. Akwai masu turi, waɗanda ke zaune a rumfa da kwamfutar cinya da tarin wayoyin caji, suna zuba wa mutane finafinan Hausa da wa'azi da karatun Alƙur'ani a memori. Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, cinikinsu ya haɗa da mutanen ƙauyuka da baƙi daga tsallaken iyaka, daga jihar Damagaram ta Nijar, da yawansu riƙe da ƙaramar waya mai madannai. Akwai kuma matasa masu babbar waya da ke yanko guntayen wa'azi suna ɗorawa a intanet. Na farkon yawanci ragewa suke yi, na biyun kuwa yankewa, kuma hukuncin abubuwan biyu ba ɗaya ba ne.

Ragewa ita ce mafi sauƙi. Bidiyo mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan biyu a kowane hoto. Idan aka matse shi zuwa 176 da 144, ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi a ƙananan wayoyi, ɗigo 25,344 ne kawai suke saura, kusan kashi ɗaya cikin 82. Fuskar malami ta zama inuwa, zaren rawaninsa ya ɓace, amma maganarsa tana nan daga bismilla har addu'ar rufewa. Malaman hadisi sun san makamancin wannan a mas'alar ruwaito hadisi da ma'ana. Muhammad bin Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, yana cikin masu tsanantawa a kan lafazi, Hasanul Basri kuwa ya yi sauƙi, kuma mafi yawan malamai sun halatta ga wanda ya san abin da ke canza ma'ana. Mai turi da ya rage nauyin tafsiri don ya shiga memorin manomi bai rage komai daga saƙon ba, hasali ma ya kai shi inda da bai kai ba. Wuri ɗaya ne ragewa take zama matsala, shi ne inda hujjar take cikin gani. Malamin da ya ɗago littafi yana nuna shafi, ko mai koyar da tajwidi da ke nuna yadda leɓe yake motsi wajen ishmami, idan hoton ya dusashe darasin ya tafi tare da shi.

Yankewa ita ce inda maganar take da tsawo. Hanyoyin sa faffaɗan bidiyo a kan fuskar da ba tasa ba uku ne: a bar shi yadda yake a cike giɓin da baƙi sama da ƙasa, a ja shi ya miƙe, ko a datse gefensa. Mutane ba sa son baƙin giɓin nan, suna ganin kamar an cuce su da ƙaramin hoto, alhali shi kaɗai ne bai zubar da komai ba. Matsalar ta girmi wayar hannu. Bayan da finafinai masu faɗi suka yaɗu a Amurka daga 1953, gidajen talabijin sun riƙa datse su don su cika akwatin 4 da 3, har fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton yakan salwanta, kuma masu ba da umarni sun daɗe suna kokawa da hakan. Datsewar yau ta fi waccan muni a lissafi. Idan aka ciro tsayayyen hoto daga bidiyon 16 da 9, faɗin 1920 yana komawa kimanin 608, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ke tsira.

Majalisin tafsirin azumi yana nuna abin da ke cikin kashi biyun da aka zubar. A al'adar ƙasar Hausa mutum biyu ne a gaban jama'a, alaramma mai jan baƙi da malami mai fassara, kuma kamara takan ɗauke su tare. Tsayayyen hoto ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, saboda haka alaramman ne ake fitarwa. Mai kallo sai ya ga malami shi kaɗai yana faɗin magana mai zafi, bai ga cewa aya ce aka ja masa yake fassarawa ba, bai ga takardar tambayar da aka miƙo ba, bai ga jama'a suna dariya ba balle ya gane barkwanci ne. Idan aka haɗa wannan da yankan lokaci, aka ɗauki daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu, ana iya sa malami ya faɗi ra'ayin da ya kawo ne don ya rushe shi. Rigingimu da yawa tsakanin almajiran malamai daga irin wannan guntu suke farawa, a yi ta raddi a kan maganar da mai ita bai nufa ba.

Wannan ma malaman hadisi sun riga sun yi masa ƙa'ida a babin taƙaita hadisi. Imamu Buhari, wanda ya rasu a 256, ya shahara da rarraba hadisi ɗaya a babi daban-daban, yana kawo ɓangaren da ya dace da kowane babi, kuma ba a zarge shi da ha'inci ba. Ibnu Salah, da ya rasu a 643, da Ibnu Hajar, da ya rasu a 852, sun bayyana dalilin: taƙaitawa tana halatta ga masani, muddin abin da ya bari ba shi da alaƙar da za ta canza ma'anar abin da ya kawo, kamar sharaɗi ko togaciya. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana kusantar salla a halin maye. Wanda ya tsaya a rabin farko ya kifar da hukuncin ba tare da ya ƙara harafi ɗaya ba. Wannan ya rushe uzurin da masu yanka suka fi kawowa, cewa ai muryarsa ce, ba a ƙara masa komai ba. Ana iya yin ƙarya da gaskiya zalla idan aka zaɓi inda za a sa almakashi.

Akwai mai cewa kamara ita kanta yanka take yi, domin mai ɗauka ya zaɓi inda zai fuskanta ya bar sauran masallacin a waje, don haka babu wani cikakken hoto da za a ce an ci amanarsa. Rabin maganar gaskiya ne. Babu ruwayar da ta kwashe komai, ko ta ido ko ta baki. Sai dai shari'a ba ta ɗora wa mai ruwaya kawo komai ba, abin da ta ɗora masa shi ne kada ya bar abin da ya san rashinsa zai sa a fahimci akasin abin da aka faɗa. Wannan ma'auni ne da saurayi mai waya zai iya riƙewa ko bai karanta musɗalahul hadisi ba, domin shi ya ga cikakken karatun kafin ya yanka.

Jan hoto ya miƙe ya fi shafar kasuwa. Tsofaffin karatuttukan da aka ɗauka a zamanin kaset da faifan sidi, irin na marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam da aka kashe a Kano a 2007, idan aka ja su suka cika talabijin ta bango, mutum yana ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. A karatu wannan muni ne kawai. A kara kuwa, inda dillali yake ɗaukar bidiyon sa ko raƙumi ya tura wa mai saye a Legas ko Fatakwal, ƙarin kashi ɗaya cikin uku yana mai da ramammiyar dabba kamar ta sha kiwo. Mazhabar Malikiyya ta yarda da sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, kuma bidiyo a yau shi ne siffantawar. Idan dabbar ta iso ba ta dace da siffar ba, mai saye yana da zaɓin fasawa, kuma wanda ya ja hoton da gangan ya shiga cikin algus ɗin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tir da shi a hadisin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa.

Nauyin bai tsaya kan mai yanka ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma guntun bidiyo da ba a san wanda ya yanko shi ba labari ne daga majahulin mutum, ko da fuskar da ke ciki sananniya ce. Wanda ya tura shi gaba ya shiga jerin masu ruwaya. Mai yanka kuma yana da mafita mai arha: ya rubuta sunan malami da wurin karatun da ranarsa a jikin guntun, ya nuna inda za a sami cikakken, ya bar baƙin giɓi idan abin da ke gefe yana da nasaba da maganar. Rage ɗigo don karatu ya isa ƙaramar waya halal ne, sau da yawa ma aikin lada ne. Yanke abin da ma'ana ta rataya a kansa ƙarya ce a kan mai maganar, kuma alhakinta yana kan wanda ya yanka da wanda ya yaɗa yana sane.