Wa Ya Isa Ya Ba Yaro Maki A Gaskiya?

A takardar sakamakon da makarantun firamare da yawa a Najeriya ke miƙa wa iyaye ƙarshen zango, akwai wani gurbi ƙasa da makin Lissafi da Turanci. Nan ake auna tsafta, ladabi, zuwa a kan lokaci, har da gaskiya, daga 1 zuwa 5. Malama ta tasa tulin takardu a gaba, jan biro a hannu, ta ba wannan 4, wancan 2. Ina ta ga zuciyarsu?

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta ƙarfafa bibiyar ɗalibi a kai a kai, don kada jarrabawa guda ta yanke masa hukunci. Niyyar ba ta da aibi. Ita ce ma niyyar Alfred Binet, wanda shi da Théodore Simon suka fitar da gwajin basira a Faransa a 1905, domin a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Binet ya ƙi yarda cewa basira abu ce da ba ta ƙaruwa. Amma da gwajin ya tsallaka Amurka, Lewis Terman ya sake masa fasali a 1916, sai ya koma sikelin jera mutane, wane sama, wane ƙasa.

Lamba kuwa tana bin yaro. A binciken da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968, an zaɓi wasu yara ba bisa wani dalili ba a wata makaranta a Kalifoniya, aka gaya wa malamai cewa za su yi fice. Da shekara ta zagayo, sun ɗara sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masana sun yi ta sukar binciken, amma duk wanda aka taɓa kira daƙiƙi a gaban aji ya san inda aka dosa.

A Musulunci, alƙalami a ɗauke yake daga kan yaro har ya balaga. Ba a rubuta masa zunubi. Abin tambaya ne a ce sama ta yi masa rangwame, makaranta kuma ta buɗe masa fayil tun yana ɗan shekara biyar. Sai dai addinin bai ce a zuba ido ba. An umarci iyaye su sa yaro salla yana da shekara bakwai, Imam Gazali kuma ya ɗauki yaro amana ce a hannun iyayensa. Mai riƙon amana dole ya duba halin da take ciki.

Makarantar allo tana da nata awon. Yaro ya durƙusa gaban malam, ya biya karatunsa. In ya kiyaye, a ce je ka wanke, a ƙara masa gaba. In ya yi gargada, ya koma ya maimaita. Da allonsa na jiya ake gwada shi, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Dorinar da ke gefen buzu ita ce matsalar, tun ƙarni na 14 kuwa Ibn Khaldun ya yi gargaɗin cewa tsanantawa na koya wa ɗalibi ƙarya da kasala.

Awon da ya fi kamata shi ne wanda ke gaya wa malami abin da zai yi gobe. Akwai yarinyar da ke zaune can baya tana kanne ido, tana kwafar rubutu daga littafin maƙwabciyarta. Za ta samu 2 a gaskiya, alhali gilashin ido take buƙata, kuma takardar ba ta da gurbin rubuta wannan.