Ko a Tsai da Agogo?

Wasan tamaula minti 90 ne. Amma da ƙungiya ta ga ta ci, sai ɗan wasa ya faɗi yana birgima ba wanda ya taɓa shi, gola kuwa ya rungume ƙwallo kamar jariri. Waɗansu suna kiran wannan dabara. To, ai lokacin nan na ƙungiyoyin biyu ne duka, da wanda ya bar aikinsa ya zo kallo. Mai ɓata shi da gangan ɗan'uwan mai tauye mudu ne.

Masu tsara dokokin wasan sun nemi magani. Cikin 2017 aka kawo shawarar a mai da wasa minti 60, a riƙa tsai da agogo duk sa'ad da wasa ya tsaya, ba a ɗauka ba. Cikin 2025 kuma aka ce in gola ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, a ba abokan karawa bugun kwana.

Labudda tsai da agogo zai hana mai zamba riba, inda fili yake da fitilun lantarki. Amma a Randagi samari sai bayan la'asar suke fita, in an komo daga gona. Ko alƙalin wasa ya tsai da agogonsa, rana ba ta tsayawa. Baƙin da suka zo karawa daga wani ƙauye kuwa, ga dajin Birnin Gwari gabansu, ba mai son magariba ta riske shi a hanya. In aka cinye musu minti goma, ba inda za a samo a biya su. Sai dai alƙali ya ɗaga wa mai birgimar nan kati tun faɗuwar farko.