Zaɓe, Haraji da Ɗaure Kaya: Yaushe Barin Ƙasa Ke Zama Daidai?

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Faransa akwai maganar da ke tasowa a tsakaninmu, daga nan Sevran har wajen 'yan'uwanmu na Lyon: idan wane ya ci, ni kam na ɗaure kayana. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ji ta a Afrilun 2002, da Jean-Marie Le Pen ya kai zagaye na biyu. An sake jin ta a 2022 da 'yarsa Marine ta samu sama da kashi 41 cikin ɗari, sannan a Yunin 2024 da jam'iyyarta ta zo ta ɗaya a zaɓen Majalisar Turai, har Shugaba Macron ya rushe Majalisar Dokoki. Wannan ya ce Kanada, wancan ya ce Dubai, wani ya ce gida. Abin da nake so mu duba shi ne, shin daidai ne mutum ya bar ƙasa don zaɓe bai yi masa daɗi ba, ko don an ƙara masa haraji?

A ƙarshen 2012 mutum biyu sun ba da amsa a aikace, kuma amsoshin sun yi hannun riga. François Hollande ya ci zaɓe a watan Mayu da alƙawarin karɓar kashi 75 cikin ɗari daga abin da ya haura Yuro miliyan ɗaya a kuɗin shigar mutum na shekara. A watan Disamba sai aka ji ɗan wasan fim Gérard Depardieu ya koma Néchin, wani ƙauyen Beljiyam da ke dab da kan iyaka, a Janairun 2013 kuma Putin ya ba shi shaidar zama ɗan ƙasar Rasha. Wata guda kafin tashinsa, magajin garinmu na lokacin, Stéphane Gatignon, ya kafa tanti a gaban Majalisar Dokoki a Paris ya shiga yajin cin abinci na kusan mako guda, yana neman gwamnati ta ƙara wa garuruwan talakawa irin Sevran kuɗi. Ɗaya yana ganin an karɓa masa da yawa, ɗaya yana ganin abin da aka karɓa bai iso ga mutanensa ba.

Kada mu yi saurin yi wa Depardieu dariya, domin hujjarsa tana da nauyi. Ya ce cikin shekara 45 ya biya harajin Yuro miliyan 145, kuma ba wanda ya ɗaure shi da igiya. Kotun Tsarin Mulki ma ta soke wannan harajin a ƙarshen Disambar 2012, aka sake masa fasali, ya ƙare gaba ɗaya a farkon 2015. Amma a nan ne nake ganin matsalar. Mutum ya yi suna da dukiya a ƙasar da harajin wasu ya gina mata makarantu, asibitoci da masana'antar fim, shekara da shekaru yana bin dokar da masu rinjaye suka kafa domin ta yi masa, ranar da rinjayen ya juya sai ya ce ba ya cikin wasan. Zaɓe yarjejeniya ce: na amince yau ka kayar da ni, don gobe idan na kayar da kai ka amince. Wanda ya tashi da zarar ya faɗi, to dama can da sharaɗi ya zauna. Kuma ƙofar nan ba kowa take buɗe wa ba. Matar da ke kama jirgin RER B da asuba daga Beaudottes zuwa aikin shara a filin jirgin sama na Roissy ba ta da gida a Néchin.

Mu Hausawa ba baƙin wannan tambaya ba ne. A zamanin mulkin mallaka talakawa da dama daga yankunan Maraɗi, Ƙonni da Damagaram sun tsallaka ɓangaren Ingilishi don guje wa harajin Faransa da aikin dole, wanda ba a haramta ba sai a 1946. Ban ga laifinsu ko kaɗan ba. Ba su zaɓi mai mulkin ba, ba a tambaye su ba, kuma harajin bai dawo musu a siffar rijiya ko asibiti ba. Amma da ƙuri'a ta zo hannun talaka, sai muka ga wata hanyar: mutanen Malam Aminu Kano sun zauna sun yi ta faɗuwa zaɓe, sun sha ɗauri, har a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

To, mu ɗalibai a wane layi muke? Nan ne abin ke da wuya. Muna biyan harajin kashi 20 cikin ɗari a kan yawancin abin da muka saya, amma ba mu da ƙuri'a ko ta zaɓen magajin gari. A 2019 an ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba zuwa Yuro 2,770 a digirin farko da 3,770 a na biyu, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe bambancin. A Disambar 2023 majalisa ta amince da dokar shige da fice mai tilasta wa ɗalibi baƙo ajiye kuɗin jingina na komawa gida, sai Kotun Tsarin Mulki ta cire wannan sashe a Janairun 2024. Don haka ta wani ɓangaren mun fi kama da kakanninmu na Ƙonni. Sai dai ta wani ɓangaren mun ci moriyar harajin mutanen ƙasar nan: abincin jami'a mai rahusa, likita, ɗakin karatu, tallafin haya da da yawa cikinmu suka karɓa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nawa ra'ayin, sakamakon zaɓe shi kaɗai bai isa dalili ba, ƙarin haraji kuma ya fi shi rauni. A 2002 Chirac ya ci da kashi 82, a 2024 ma jam'iyyar Le Pen ba ta samu rinjaye a majalisa ba, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Abin da zai sa in ce wa ɗan'uwa tashi shi ne ranar da doka ta taɓa mutuncinsa, ko addininsa, ko lafiyar iyalinsa, kotu kuma ta kasa kare shi. 'Yar'uwar da ta gama karatu ta yi ta neman aiki ana mayar da ita saboda ɗankwalinta, idan ta tafi Ingila ba zan ce ta ci amanar kowa ba. Ita ba lissafin aljihu ya kore ta ba.

Masu cewa su gida za su koma kuwa, komawa alheri ne, amma tambayar na jiransu a can. Bayan zaɓen 2023 a Nijeriya matasa sun yi ta maganar ficewa, a 2024 gwamnonin Arewa sun ja da gwamnatin tarayya kan rabon harajin VAT, a Yunin 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. A can dai muna da ƙuri'a, ba mu da uzurin da muke da shi a Sevran, kuma ƙannen da za su tambaye mu hanyar fita mu za su duba su ga ko mun zauna.