LIMAN, KA SA BAKI A SAKI MOTAR



Kwanakin baya na dawo daga sallar Asuba sai na tarar da baƙi biyu suna jirana a zaure: wata baiwar Allah da ƙanen mijinta marigayi. Na nemi izininsu kafin in yi wannan rubutu, kuma ba zan ambaci suna ba.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Da aka raba gado sai dangi suka haɗa kason yaran aka sayi Sharon ta hannu, aka ba ɗan yayarta yana haya da ita, kullum da dare ya kawo balas. Da wannan kuɗin ake cefane, da shi ake biyan kuɗin Islamiyya. Ranar kasuwar Sara ya yi lodi daga Birnin Kudu, mota cike da mutane da kaya. Tun kafin a yi nisa fasinjoji suka ga motar tana tangaɗi, wani dattijo yana ta cewa "Yaro, ka bi a hankali", shi kuwa sai dariya. Da aka zo shingen jami'ai, fasinjojin da kansu suka yi kururuwa. Aka sauko da shi a buge, ga kwalba a ƙarƙashin kujera. Aka tafi da shi, aka tsare motar. Ranar da suka zo wurina kwananta tara a tsare.

Kawun yaran ya ce: "Allah gafarta Malam, ogan wurin a bayanka yake sallar Juma'a. Kalma ɗaya za ka faɗa a saki motar, a kashe maganar baki ɗaya. In ma akwai ɗan na goro, mun tanada."

Ita kuwa kanta a ƙasa ta ce: "Malam, ni ban san giya ba, ban san ƙwaya ba. Tukunyata ce a ɗaure a can."

Wallahi maganarta ta fi ta kawun yi min nauyi. Na ce su ba ni zuwa Azahar. Abin da na yi ta juyawa a raina shi nake so mu duba tare, domin na san ba ni kaɗai ake kawo wa irin wannan ba. Ana kawo wa limamai, ana kawo wa masu unguwanni, da kansiloli, da duk wanda ake ganin yana da lambar wayar wani babba.

Da na natsu sai na ga abubuwa uku ne aka cuɗanya su a cikin roƙo ɗaya: akwai laifin, akwai motar, akwai kuma makullin. Kowanne hukuncinsa daban.

Mu fara da laifin. Sa baki don a taimaki wani, abin da malamai ke kira shafa'a, aiki ne na lada. Amma aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba shi gida biyu: akwai ceto mai kyau da mai yinsa yake samun rabo daga ladansa, akwai mummunan ceto da mai yinsa yake ɗaukar kaso daga zunubinsa. Wato wanda ya ɗaga waya ya sa baki ya zama abokin tarayya a duk abin da zai biyo baya.

Mun san ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Kuraishawa suka tura Usama bin Zaid (R.A) ya roƙa mata, saboda sun san irin son da Annabi (S.A.W) yake masa. Manzon Allah ya yi fushi, ya tashi ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba idan ya yi laifi da hukunta mai rauni. Haka ƙissar Safwan bin Umayya da ɓarawon mayafinsa ta koya mana cewa lokacin yafiya shi ne kafin magana ta isa gaban hukuma.

Wani zai ce ai waɗannan haddi ne, wannan kuwa tara ce ta dokar hanya. Gaskiya ne akwai bambanci. Malamai sun halatta a nemi sassauci a ta'aziri, musamman ga wanda ba a san shi da ɓarna ba. Amma mu lura da wani abu. Mutumin da ya sha abin maye a ɗakinsa ya rufe ƙofa, zunubinsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma rufa masa asiri ya fi. Wanda ya sha ya ɗauki mota cike da bayin Allah ya hau titi, ya fita daga wannan babin. Ya taɓa haƙƙin dattijon nan da ke roƙonsa ya rage gudu, da mai goyo a kujerar baya, da ɗan makarantar da ke tsallaka titi a Babaldu, da mai babur da ke tahowa daga Gwaram. Ni liman, wa ya ba ni wakilcin waɗannan mutane har in yafe a madadinsu?

Akwai kuma masu cewa dokar hanya dokar boko ce, karya ta ba zunubi ba ne. Wannan magana ba ta da tushe a fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure tun muna yara ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba, da mai janta, da mai kora ta, game da abin da ta taka. In an kama mai jaki da abin da jakinsa ya taka, ina ga mai ƙarfen da ke gudun kilomita 100 a awa? A shekarar 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a ƙasar Burunai ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma hukuma tana da damar hukunta mai karya su, har da tarar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara. Mu ba ma buƙatar rahoto. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya sashen gaggawa na asibitin tarayya da ke Birnin Kudu ya ga yadda ake shigo da mutane daga kan titi.

Ma'aunin Hukumar Kiyaye Haɗurra ya tsaya a kan 0.05 cikin ɗari na barasa a jini. Addininmu bai bar ko wannan ba, domin abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kuma kada mu yaudari kanmu da cewa jiharmu ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, don haka matsalar ta wasu ce. A tashoshinmu maye ba lallai ya zo a kwalbar giya ba. Yana zuwa a tiramol, da wiwi, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018. Direba ya ce yana sha ne don ya kori barci ya yi sawu uku a rana. Sunan ya bambanta, hukuncin ɗaya ne, kabarin da ake haƙawa ma iri ɗaya ne.

Saboda haka na ce wa kawun: maganar a kashe laifi, ba da bakina ba.

Sai motar. A nan ne na ga haƙƙin wannan baiwar Allah a fili. Motar ta marayu ce, ba su sha komai ba, kuma babu rai da ke ɗaukar laifin wani. Taimaka musu su karɓi dukiyarsu shi ne ceto mai kyau da ayar ta ambata. Sai dai a bi ta ƙofa. A je da takardun mota da shaidar mallaka. A nemi a ga takardar laifin da aka rubuta, a san me ake tuhuma da kuma hannun wa maganar take. In tara ce, a biya a banki ko ta Remita, a riƙe rasit, kada a damƙa wa kowa kuɗi a hannu a bayan ofis. In magana ta je kotu, mai mota ya gabatar da kansa ya roƙi a sakar masa dukiyarsa, ya jira umarnin alƙali. Kuma kada a yi jinkiri, domin motar da ke tsare kuɗin ajiya na iya taruwa a kanta, ga batir yana mutuwa, tayoyi suna sacewa. Kwana taran da suka yi suna neman wanda ya san wani, da sun yi su a kan takardu, da an yi nisa.

Game da na goro kuwa, na san wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙi, ba shi da wata hanyar karɓa sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma sharaɗin shi ne a rasa hanya. A nan babu wanda ya nemi komai a wurinsu, su ne suka yi niyyar kaiwa. Kuma abin da suke so su saya ba motar kaɗai ba ce, har da share laifin. Wannan rashawa ce tsagwaronta, wadda aka tsine wa mai bayarwa da mai karɓa. Balle a ɗebo ta daga dukiyar marayu.

Kawun ya yi min wata tambaya da har yau take ci na. Ya ce: "Malam, da ɗan wani babba ne, ai ko kwana motar ba za ta yi ba. Sai a kan marayu gaskiya za ta yi aiki?" Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Amma na ce masa: abin da kake faɗa shi ne ainihin cutar da Annabi (S.A.W) ya ce ta halaka mutanen farko. Maganinta shi ne a daina yi wa babba, ba a faɗaɗa ta ta game kowa ba. In liman ma ya shiga layin masu buga waya, wa ya rage da zai hau mumbari ya ce wa babban ya ji tsoron Allah?

Abu na uku shi ne wanda babu wanda ya zo da maganarsa, alhali ya fi sauran girma: makullin. Na tambaye ta, in motar ta fito, wa zai tuƙa? Ta yi shiru, sannan ta ce: "To Malam, ɗan yayata ne." Na tambaya ko sun san yana sha. Kawun ya ce an ɗan jima ana raɗe-raɗi.

'Yan uwa, a nan ne alhaki yake tasowa daga kan direba ya hau kan mai mota. Jiya kuna iya cewa ba ku tabbatar ba. Yau kun sani. Wanda ya miƙa makulli ga mutumin da ya san yana tuƙi a buge, da me zai kare kansa ranar da aka jera gawarwaki a bakin titi? Kisan kuskure ma Alƙur'ani ya ɗora masa diyya da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta wannan sura ta Nisa'i. To ina ga wanda ya gusar da hankalinsa da gangan, da wanda ya ba shi mota yana sane? Zumunci ba ya wajabta maka ka ba ɗan'uwanka abin da zai kashe mutane da shi. An umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko da shi ne azzalumin, kuma an fassara mana taimakon da riƙe hannunsa daga zaluncin.

Wannan ba yana nufin a yar da yaron ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A zamanin Annabi (S.A.W) akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, ana yi masa hukunci. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An zartar da hukuncin, an kuma hana zagi. Mu yau mun juya abin: muna hana hukunci, sannan mu yi ta zagin yaron a majalisa. A ziyarce shi, a kai masa abinci, a tsaya masa a kan belin da doka ta ba shi, a kai shi wurin likita domin shaye-shaye yana zama ciwo mai buƙatar magani, a nema masa sana'ar da ba ta sitiyari ba har a ga ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne: ban kira kowa ba. Na raka kawun da ƙafata, da takardu a hannu, na gabatar da kaina a matsayin mai shaida cewa motar ta marayu ce. Bayan sallar Isha na yi wa jama'ar masallaci bayani ba tare da suna ba, aka haɗa abin da ya riƙe gidan na 'yan kwanaki. Motar ta fito bayan an cika ƙa'ida, an yi asarar balas na kusan sati uku, kuma yanzu wani direban ke jan ta. Yaron yana fushi da ni, ya daina sallah a masallacinmu. Mahaifiyarsa ma ba ta amsa gaisuwar iyalina. Ina roƙon ku sa shi a addu'a.

In an zo maka da irin wannan roƙo, kafin ka ɗaga waya ka tambayi mai roƙon: wa za a ba makullin in ta fito?

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya tsare matafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya sa bakinmu ya zama na ceto mai kyau. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare ni ne. Wallahu a'alam.