Leƙa Ƙarƙashin Mota Kafin Ka Ƙirga Kuɗi

Ɗana, ranar da Allah Ya hore maka abin sayen mota, ina roƙonka ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta kafin ka tsaya yaba fentinta.

Yawancin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema sun riga sun sha aiki a hannun wasu. Ka duba kuma inda yaranmu na Nima da Maamobi da Sabon Zongo suke taruwa a Amurka da Kanada: Bronx ta New York, Columbus ta jihar Ohio, Toronto ta Kanada. Duk garuruwan ƙanƙara ne. Da hunturu ya kama, hukuma kan fito da manyan motoci su bi titi suna watsa gishiri don ƙanƙara ta narke, kada taya ta zame. Amurka kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Wannan ruwan gishirin shi taya ke fantsamawa cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya maƙale, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. In yayanka ne ya turo maka motar daga can, bai nufe ka da cuta ba. Shi ma sitiyari ya sani, da wuya ya taɓa kwanciya a ƙasa ya duba.

To, motar ta iso Ankara, wato Accra, ta tarar da laima da iskar teku mai gishiri, ga ruwan damina da ke cika kwatar Nima ya malalo titi. Tsatsar da ta fara a Ohio a nan take samun gindin zama.

Kada kuma ka ce mini ai Toyota ce. A 2016 kamfanin da kansa ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka, kan motoci wajen miliyan ɗaya da rabi, Tacoma da Tundra da Sequoia, saboda tsatsa na cinye musu shasi.

Ka tafi da fitanka, wato makanikin da kai ka ɗauko, ba na dillali ba. A hau da motar kan rami, a haska tocila. Jan tsatsa sama-sama a jikin salansa ba abin tashin hankali ba ne. Abin tsoro shi ne ƙarfen da ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, wanda in fita ya danna sukudireba sai ka ji ya burma, gari na zubo masa a fuska. Ya bi siraran bututun man birki da yatsa, domin ranar da ɗaya ya fashe a gangara, ba zancen farashi ake yi ba, zancen rai ne. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a cire safayar taya a duba gurbinta. In ka ga ƙarƙashin tsohuwar mota baƙi wuluk da sabon fenti yana ƙyalli, ka tambaya me aka rufe. Lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 ma ka ba yaro mai waya ya binciko a intanet jihar da motar ta zauna. Wadda ta fito Texas ko Arizona ba ɗaya take da ta Michigan ba. In kuwa hoto kawai aka turo maka daga wurin gwanjo, ka tuna ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin. Kwastan ba ruwansu da tsatsa. Shekarar mota da girman inji da asalin farashinta suke dubawa. Kuɗin fiton da mai lafiyayyar mota ya biya, shi za ka biya. Amma ranar sayarwa, mai saye zai zo da nasa fitan, ya shiga ramin da kai ka ƙi shiga. Inji ana sauke shi a sa wani, kasuwar kayan mota ta Abossey Okai cike take da su. Shasi kuwa in ya ruɓe, mai walda sai dai ya yi faci, kuma duk mai ido ya ga facin zai karya kuɗin, ko ya ce sai dai a farke ta a sayar da kayanta.

In har ƙaddara ta riga fata, irin wannan motar ce a hannunka, ka riƙa sa masu wanki suna feshe ƙarƙashinta, musamman bayan ta ratsa ruwan kwata. Kuma ranar da za ka rabu da ita, ɗana, kada ka shafe wurin da baƙin fenti. Ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda zai saya wataƙila direban tasi ne da ya yi shekaru yana adashi. Kai shi ramin da kanka, ka nuna masa, ku yi ciniki a kan abin da ya gani.