Kewar Kwamfutocin Gida na Farko: Na'urar Ake Bege ko Ƙuruciya?

Tsakanin shekarar 1977, lokacin da kamfanonin Apple da Commodore da Tandy suka fitar da kwamfutocin da mutum zai iya saya ya ajiye a ɗakinsa, da shekarar 1994 da kamfanin Commodore ya durƙushe, an yi wani zamani a Amurka da Turai wanda waɗanda suka tashi a cikinsa ba su daina ambatonsa ba har yau. Na'urorin wancan lokaci, waɗanda ake kira kwamfutocin gida, akasarinsu allon madannai ne mai kauri da aka cusa duk kayan aikin a cikinsa, a jona shi da talabijin ɗin falo, a kuma ɗora masa wasanni daga kaset irin na waƙa. Wayar hannu mafi arha a kasuwa yanzu ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, amma duk da haka ana ƙera kwafinsu ana sayarwa, ana rubuta musu sababbin wasanni, tsofaffin masu su kuma suna taruwa don baje kolinsu. Tambayar da ke nan ta falsafa ce kafin ta zama ta fasaha: wanda ke kewar abin da kowa ya yarda an samu wanda ya fi shi, mene ne ainihin abin da yake kewa, kuma shin shaidar da kewarsa ke bayarwa game da jiya abin karɓa ce?

Masana sun daɗe suna yi wa kewa kallon zargi. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel mai suna Johannes Hofer ya rubuta kundi inda ya lissafa begen gida cikin cututtuka, bayan ya lura da yadda mutanen Suwizalan da ke zaune a ƙasashen waje ke ramewa suna ƙin abinci har sai an mayar da su garuruwansu. Bayan shekara ɗari da goma, masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya kawo wani bayani da ya fi wannan zurfi, wato cewa irin waɗannan mutane idan sun koma gida sukan ji gwiwarsu ta yi sanyi, su ce gari ya canza, alhali abin da suka je nema ƙuruciyarsu ce, ita kuwa babu hanyar da ke kai wa gare ta. Bahaushe ma ya hango wani gefe na wannan da ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan aka ɗauki hukuncin Kant yadda yake, magidanci ɗan shekara hamsin da biyar da ke goge ƙurar tsohuwar kwamfutarsa ta ZX Spectrum yana neman yaron da ya kasance ne a 1983, kuma da keke ko ƙwallo aka saya masa a wancan lokaci da su zai riƙa kewa. Wannan bayani yana da ƙarfi, kuma ya isa ya warware kaso mai yawa na lamarin, sai dai kafin a miƙa masa wuya gaba ɗaya ya kamata a duba na'urar kanta da yadda ake mu'amala da ita.

Kamfanin Clive Sinclair na Birtaniya ya fitar da ZX Spectrum a watan Afrilun 1982, a kan fam 125 ga mai ƙwaƙwalwar kilobait 16 da fam 175 ga mai kilobait 48, kuma kilobait ma'auni ne na abin da na'ura za ta iya riƙewa, wanda bai wuce haruffa dubu da 'yan kai ba. Yaron da ke son yin wasa sai ya sa kaset a rikoda, ya rubuta umarnin ɗorawa, ya danna maɓallin kunnawa, sannan ya zauna yana sauraron wani ƙara mai tsinin gaske yayin da layuka masu launi ke rawa a gefen allon talabijin har tsawon minti huɗu ko biyar. Idan ƙarar rikodar ta yi ƙasa, ko kan da ke karanta kaset ɗin ya ɗan goce, sai saƙon kuskure ya bayyana a ƙasan allo a daidai lokacin da aka kusa gamawa, a mayar da kaset baya a sake daga farko. Babu mai hankalin da zai ce wannan wahala ta fi sauƙin yau, kuma masu yabonta a yanzu yawancinsu sun manta irin tsakin da suka riƙa ja a lokacin.

Abin da ya bambanta waɗannan na'urori yana bayyana ne tun kafin a sa kaset. Da zarar an kunna Commodore 64, wadda ta fito a Amurka a watan Agustan 1982 a kan dala 595, sai allo mai launin shuɗi ya sanar da adadin gurbin da ya rage a ƙwaƙwalwa, bait 38911, sannan wata 'yar alama ta tsaya tana ƙiftawa tana jiran umarni. Harshen da take jira a yi mata magana da shi shi ne BASIC, wani sauƙaƙan harshen tsara manhaja da aka ƙirƙira a kwalejin Dartmouth a 1964 domin ɗalibai, kuma yana cikin na'urar tun daga masana'anta, littafin koyon sa yana cikin kwalin. Ma'anar wannan ita ce ƙofar yin wasa da ƙofar ƙirƙirar wasa guda ce, domin wanda ya koyi umarnin ɗora kaset ya riga ya rubuta layinsa na farko. Mujallu sukan buga cikakken rubutun wasa a shafukansu, yaro ya kwashe yammaci yana kwafa layi bayan layi, idan ya yi kuskuren waƙafi ɗaya wasan ya ƙi tashi, dole ya koma ya bi sawu har ya gano inda matsalar take, kuma a wannan bin sawu ne da yawa suka fahimci abin da kowane layi ke yi, suka fara canza lambobi don ƙara wa kansu rayuka ko saurin gudu. A Yugoslabiya, inda shigo da kwamfuta ke da wuya, Voja Antonić ya wallafa tsarin wata na'ura mai suna Galaksija a ƙarshen 1983 don mutane su harhaɗa da hannunsu, mai gabatar da shirin rediyo Zoran Modli kuma ya riƙa watsa manhajoji ta iska daga Belgrade, masu sauraro suna naɗar ƙarar a kaset.

Akwai kuma batun ƙanƙanta, wanda shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Na'ura mai kilobait 48 ko 64 abu ce da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya za ta iya kewayewa, har matashi mai naci ya san abin da ke kowane lungu nata, kamar yadda manomi ya san gonar gadonsa, inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ke da tsakuwa. Irin wannan sani ya haifar da dabaru da har yau ake mamakinsu. A 1984 wasu ɗaliban jami'ar Kambirij biyu, David Braben da Ian Bell, suka fitar da wasan Elite a kan kwamfutar BBC Micro mai kilobait 32, wasan da ke ɗauke da gungun taurari takwas, kowanne da duniyoyi 256. Babu gurbin da za a adana bayanan duniyoyi sama da dubu biyu, saboda haka suka sa na'urar ta riƙa haifar da sunan kowace duniya da matsayinta da tattalin arzikinta daga wasu 'yan lambobi ta hanyar lissafi, dabarar da wasanni irin su Minecraft da No Man's Sky suka gina duniyoyinsu a kan irinta shekaru da dama bayan haka. Spectrum kuwa ba ta iya nuna fiye da launi biyu a cikin kowane murabba'i mai ɗigo takwas tsaye da takwas kwance, lamarin da ya tilasta wa masu zane wani salo da ake gane shi daga nesa, yayin da guntun sautin Commodore 64 mai muryoyi uku kacal ya samar da mawaƙa irin su Rob Hubbard, waɗanda har yau ake sake kaɗa ayyukansu a dandali.

Tasirin wannan a kan masana'antar wasanni abu ne da tarihi ya tabbatar, musamman a Birtaniya. Matthew Smith yana matashi ɗan ƙasa da shekara ashirin ya rubuta Manic Miner a 1983. 'Yan'uwa Tim da Chris Stamper sun yi wasannin Spectrum kafin su kafa kamfanin Rare. 'Yan'uwa Richard da David Darling sun kafa Codemasters a 1986. A garin Dundee na Sikotland, inda masana'antar Timex ke harhaɗa kwamfutocin Sinclair, aka samu kamfanin DMA Design, wanda ya fitar da Lemmings a 1991 da Grand Theft Auto a 1997. Waɗannan mutane ba daga wata makarantar koyon ƙera wasanni suka fito ba, domin babu irinta a lokacin. Don haka idan ɗan wancan zamani ya ce an yi lokacin da mai wasa da maƙerin wasa suke kusa da juna fiye da yanzu, maganarsa tana da hujja a wajen zuciyarsa, kuma a nan ne bayanin Kant ya gaza, tunda ya mayar da duk abin da ake kewa ya zama hali na mai kewar, bai bar gurbi ga yiwuwar cewa wani abu na haƙiƙa ya salwanta ba.

Duk da haka kewa shaida ce mai zaɓen abin da za ta faɗa. Daga dubban wasannin da aka sayar a kaset, 'yan ƙalilan ne ake ambato, sauran kuwa kwaikwayo ne maras inganci da aka yi cikin gaggawa, har ma Jet Set Willy na 1984, wanda ake yi wa kirari, ya fito da kurakuran da suka sa ba a iya kammala shi sai an yi masa gyara. Tsananin wahalar wasannin, da ake fassarawa yanzu a matsayin girmama basirar mai wasa, sau da yawa hanya ce ta sa ɗan ƙaramin wasa ya daɗe a hannu. Fam 175 kuɗi ne masu nauyi ga iyalin ma'aikaci a 1982, tallace-tallacen sun fi fuskantar yara maza, kuma mafi yawan mutanen duniya ba su taɓa ganin waɗannan na'urori ba. Akasarin Hausawa, alal misali, sun fara wasa a allo ne ta shagunan gem na unguwa ko ta wasan maciji na wayar Nokia bayan zuwan layukan salula Nijeriya a 2001. Wannan misali yana da amfani ga muhawarar, domin wanda ke kewar wasan maciji ya dace da bayanin Kant sarai, tunda wayar ba ta taɓa ba shi damar buɗe wasan ya ga cikinsa ba, abin da ya rage masa kawai shi ne tuna shekarunsa da abokan da yake gasa da su.

Marubuciya Svetlana Boym, a littafinta na 2001 kan makomar kewa, ta raba ta gida biyu: wadda ke son sake gina abin da ya wuce daidai yadda yake, da wadda ke tsayawa ta yi tunani a kan abin da aka rasa tana sane da cewa ba zai dawo ba.  Ƙananan kwafin Commodore 64 da aka fara sayarwa a 2018, cike da wasanni, masu madannan ado da ba sa dannuwa, suna cikin kashi na farko, kuma ba abin mamaki ba ne idan mai sayensu ya yi wasa na 'yan kwanaki ya ajiye, domin an dawo masa da siffar ne aka bar dangantakar. Kashi na biyu ya fi ban sha'awa. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij sun lura cewa masu neman gurbin karatun kwamfuta sun ragu kuma ƙwarewarsu ta yi ƙasa da ta waɗanda suka tashi da BBC Micro, sai suka fitar da Raspberry Pi a 2012, 'yar kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35, wadda aka yi ta don yaro ya yi mata kaca-kaca ba tare da fargaba ba. Haka nan PICO-8, wata kwamfutar da babu ita sai a manhaja, wadda aka ƙayyade wa allo mai ɗigo 128 tsaye da kwance da launuka 16 da gangan, a kanta aka fara gwajin wasan Celeste a 2015 kafin cikakkensa ya fito a 2018 ya samu karɓuwa a duniya.

Wani zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, kayan ƙera wasa a yau sun fi yawa kuma da dama kyauta ne, ga darussa birjik a intanet, saboda haka babu abin da aka rasa. Amma samuwar abu daban take da gayyata zuwa gare shi, domin wayar zamani idan an kunna ta kanti take nuna wa mai ita, kuma sai wanda ya riga ya san abin da yake nema ne zai kutsa ya kai ga inda ake rubuta umarni, alhali tsohuwar na'urar ba ta yin komai sai an yi mata magana. A kan wannan gaɓa ɗaya masu kewar kwamfutocin gida suna da gaskiya, kuma Kant bai isa ya kore shaidarsu ba. A kan ingancin wasannin da daɗin jiran kaset kuwa, ƙuruciyarsu ce ke magana.